Ƙaramar Gona a Fadamar Rima: Abin da Ke Tsayar da Matashin Manomi da Abin da Ke Kayar da Shi

Da zarar watan Oktoba ya kama, ruwa ya ɗauke, an yanke gero an ɗaure dammuna, matasan gabashin Sakkwato sukan rabu gida biyu. Wasu su ɗaure ’yan komatsansu su nufi tasha, sai Legas, Ibadan, Fatakwal ko Abuja, inda za su yi cin rani da acaba, ga-ruwa, gadi ko tura baro, ba za a sake ganinsu ba sai hadarin farko. Wasu kuma su saɓa fartanya su gangara fadama. A Goronyo, Wurno da Rabah, wannan zaɓi na biyu ba mafarki ba ne, domin Gulbin Rima da na Sakkwato sun shimfiɗa wa yankin fadama mai laka, ruwa kuma yana kusa da saman ƙasa. A nan ake fitar da albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tattasai da tumatir a lokacin da tudu ya bushe ƙayau.

Sai dai wanda ya zauna da manoman yankin zai ji labari iri ɗaya daga bakuna da yawa: saurayi ya shiga noman rani da ƙarfinsa, amfani ya yi kyau, amma da aka tashi lissafi bai ga komai ba, shekara ta zagayo ya bi ’yan uwansa kudu. Ƙwazo bai gaza ba, ƙasa ma ba ta gaza ba. Abin da ya fi kayar da ƙaramin manomi shi ne ya shiga da bashin da zai tilasta masa sayar da kayansa ranar da kowa ke sayarwa. Wanda ya fahimci wannan tun daga farko, shi ne yake ganin rani na biyu da na uku a gonarsa.

Ƙasa: gayauna, aro da haya

Zaman mutane a wannan kwari daɗaɗɗe ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, ya zaunar da jama’a a bakin fadama, a can kuma ya rasu a 1837. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Ƙasar da aka daɗe ana zaune a kanta, babu wani taƙi nata da ba shi da mai shi. Gado kuma yana ƙara tsinka gonaki: fadamar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ne ke da rabo a cikinta.

Don haka saurayi ba ya farawa da saye. Hanya mafi sauƙi ita ce gayauna, wato ɗan yankin da uba ke ware wa ɗansa daga gandu, ya noma wa kansa bayan ya gama aikin gida. In babu, sai aro, haya ko jingina. Aro yana tafiya ne da mutunci. Saurayi zai sami dattijon da ƙarfinsa ya ja baya, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, fadamar nan ta bakin gulbi, in ba a noma ta bana, a ba ni aro.” Dattijo zai tambaya, “Mi za ka shibka, yaro?” Daga amsar da ya samu zai gane ko mai neman ya san abin da yake nema. In an ba shi, al’ada ce ya kai wa mai gona wani abu daga amfanin bayan girbi, ko ba a yanka masa ba.

Haya ita ce ta fi yawa yanzu, tun da kuɗi ya shiga noman rani. A nan akwai tarko guda. Saurayi zai kama wuri, ya zuba takin gida, ya daidaita ƙasa, ya haƙa rijiya, sai shekara mai zuwa mai gona ya ga wurin ya gyaru, ya ƙara kuɗi ko ya karɓe abinsa. Maganin wannan shi ne a ƙulla magana gaban shaidu, da sanin mai unguwa ko hakimi, a faɗi adadin shekaru, a rubuta. Takarda ba rashin yarda ba ce. Ita ce ke raba zuriya biyu da rigima in ɗaya daga cikin masu maganar ya kwanta dama.

Game da girman wuri, shawarar tsofaffin manoma ba ta sauya ba: ka kama abin da hannunka da na ƙaninka za su iya. Rubu’in kadada da aka yi wa ciyawa a kan kari, aka ba shi ruwa a kan kari, ya fi kadada guda da ta fi ƙarfin mai ita. Duk aikin da ka kasa yi da kanka, ɗan ƙwadago ne zai yi, shi kuwa kuɗinsa a hannu yake karɓa kafin rana ta faɗi.

Ruwa: madatsa, rijiya da kuɗin mai

Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka ƙaddamar a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Daga gare ta ake sakin ruwan da birnin Sakkwato ke sha, daga gare ta kuma ake shayar da filayen shirin ban ruwa na tsakiyar kwarin Rima, a wurare irin su Falaliya da Takakume. Wurno tana da nata tsohon shirin ban ruwan da ya dogara da madatsar Lugu. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING don gyara manyan wuraren ban ruwa a Arewa, tsakiyar Rima da Bakolori suna ciki, kuma wani ginshiƙi na shirin shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, waɗanda za su riƙa karɓar kuɗin ruwa suna yashe magudanai da kansu.

Mutanen yankin sun ga fuska biyu ta madatsar Goronyo. A watan Satumban 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki a Goronyo da maƙwabtanta, ta karya gadar da ke kan hanyar Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A farkon 2018 kuma ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka gina ta ta ɗauka, saboda ƙarancin ruwan sama da yashin da ya taru a cikinta. Darasin da matashi zai ɗauka a nan shi ne kada ya jingina dukan jarinsa a kan ruwan da wani ne ke riƙe da makullinsa. Kafin ya biya kuɗin haya, ya tambayi maƙwabtan wurin: ina ruwa ke kaiwa in gulbi ya cika, kuma a wane wata yake yankewa in ya ja?

Mafi yawan ƙananan manoma ba a kan magudanar gwamnati suke ba. Abin da ya sauya fuskar fadama shi ne ’yar rijiyar bututu da ƙaramin injin ban ruwa, waɗanda shirin Fadama ya yaɗa tun daga shekarun 1990, suka maye gurbin jigo. Inda ruwa ke kusa, masu haƙa sukan gama rijiyar a yini guda. Amma injin yana shan fetur, fetur kuwa ya zama babban abin da ke cin jarin manomi tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ’yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wasu sun juya injinansu zuwa iskar gas ta girki. Wasu sun koma injin mai aiki da hasken rana, wanda sayensa ke da tsada amma ba ya neman mai. Saurayi ɗaya ba zai iya sayen irin wannan ba, amma huɗu ko biyar masu gonaki gab da juna za su iya, su raba ranakun ban ruwa.

Wannan lissafin man shi ne ya kamata ya zaɓa wa mai farawa abin da zai shuka. Shinkafar rani, irin su Faro 44 da manoma suka saba da ita, tana son ruwa kwance kusan kullum, ga kuma tsuntsayen jan-baki da ke sauka a kanta idan ta fara nuna. Alkama tana son sanyin hunturu, wanda ya makara bai shuka a Nuwamba ba zai ga zangarniya marar nauyi. Albasa da tafarnuwa sun fi dacewa da ƙaramin wuri, domin suna ba da kuɗi mai kauri daga ɗan fili, kuma ana iya ajiye su.

Daga yafi zuwa cira

Aikin albasa yana farawa ne daga iri. Irin da aka saya a bakin kasuwa daga hannun wanda ba a sani ba ya sha jefa manoma cikin asara: wani bai tsiro ba, wani ya yi ganye ya ƙi yin kai. Gara a saya wurin manomin da aka ga gonarsa da ido bara. Ana yafa irin a ƙaramin fili mai laushi, a rufe da ciyawa, a riƙa yayyafi safe da yamma. Bayan mako shida zuwa bakwai, idan ya kai kaurin tsinke mai ƙwari, sai dashe.

Ranar dashe ita ce ranar da ake gane manomi. An riga an ja fangali, an bi kowanne an daidaita cikinsa don kada ruwa ya taru a gefe guda ya bar ɗayan. Ana sakin ruwa ya jiƙa ƙasa, sannan masu dashe su shiga a duƙe, damin iri a hannun hagu, yatsan dama yana huda laka, a sa, a danne, a matsa gaba. Tazarar ba ta wuce faɗin tafin hannu ba. In ta yi yawa, albasa za ta yi ƙaton kai mai kaurin wuya wanda ba ya ajiyuwa. In ta matse, sai ’yan ƙanana. Mai ban ruwa yana tsaye da fartanya a bakin magudana, yana buɗe wannan fangali yana toshe wancan da laka, cikin sanyin Disamba da ke tsaga fatar ƙafa.

Daga nan sai wata uku zuwa huɗu na ciyawa, taki da feshi. Ana fara sa takin kamfa, daga baya yuriya. A nan matasa da yawa ke kuskure: ganin yuriya na sa ganye ya yi kore shar, sai su ci gaba da zubawa har kusa da cira. Albasar da ta sha yuriya a ƙarshe tana cika da ruwa, kuma ita ce ke fara ruɓewa a ajiya. Akwai kuma ƙananan ƙwarin da ke ɓuya a tsakanin ganye suna tsotsarsa har ya yi fari-fari, waɗanda sai an buɗa ganyen ake ganinsu. Idan wuyan albasa ya fara karyewa, ganye ya kwanta, sai a yanke mata ruwa kamar mako biyu kafin a cire, a bar ta ta sha iska a inuwa har ɓawonta ya bushe. Ko lawashin ba a zubarwa: mata na daka shi su shanya a yi gabu, abin miya ne mai kasuwarsa.

Tafarnuwa, wadda Wurno ta yi suna da ita, daga ’ya’yanta ake shuka ta kai tsaye, ba ta bukatar yafi. Irinta yana da tsada, tana kuma son sanyi fiye da albasa, amma ta fi juriyar ajiya nesa ba kusa ba. Shi ya sa mai dabara yake raba ɗan wurinsa: kaso mafi girma albasa, wani yanki tafarnuwa, gefe kuma alayyafo, latas ko kuɓewa da za a riƙa tsinka ana kaiwa kasuwa duk mako, su riƙe kuɗin mai da na cefane kafin babban amfani ya zo.

Rudu da ranar sayarwa

Tsakanin Fabrairu da Afrilu albasa ke fitowa daga ko’ina lokaci guda: Goronyo, Wurno, Gada, Kware, Aliero ta jihar Kebbi, da Galmi a ƙetaren iyaka cikin Nijar. Kasuwa takan cika ta batse, farashi ya faɗi warwas. Manyan ’yan kasuwa sun san wannan, a lokacin suke saye su ajiye. Daga tsakiyar damina farashi ke fara hawa, ya kai ƙololuwa wajen Oktoba zuwa Disamba, lokacin da buhu kan ninka kuɗinsa na lokacin cira sau da yawa. Ribar albasa tana cikin waɗannan watannin jira, kuma mai rudu ne ke cinta.

Rudu rumbun albasa ne na kara da itace. Ana kafa ƙafafu a ɗaga shi daga ƙasa don iska ta ratsa ta ƙarƙashi, a shimfiɗa karan dawa, a zuba albasa ba tare da an tula ta da yawa ba, a yi rufin ciyawa mai kauri da zai tare rana da ruwa. Kafin a zuba, sai an tsince duk mai rauni, mai kaurin wuya da wadda fartanya ta sara. Bayan an zuba kuma ba a kulle a tafi. Mai rudu yakan leƙa a kai a kai, ya sa hanci ya sansana, ya sa hannu ya lalubo mai laushi ya fitar, domin ɗaya in ta ruɓe takan ja na kusa da ita. Duk da haka ana asara, musamman idan damina ta yi nauyi, iska ta yi laima. Wani lokaci abin da ya lalace ko ya motse yakan kusanci rabi. Ƙungiyar manoma da masu sarrafawa da ’yan kasuwar albasa ta ƙasa, ƙarƙashin shugabanta Aliyu Maitasamu, ta daɗe tana kira a samar da rumbunan zamani saboda wannan asara.

A kasuwa, irin ta Lahadi a Goronyo ko ta Achida, manomi ba ya haɗuwa da mai saye kai tsaye; dillali ne a tsakani, yana da la’adarsa. Ga kuɗin buhu, ga na masu ɗinki, ga na dako, ga na mota. Buhun ma cika shi ake yi har ya yi toliya, a ɗinke da wani ƙyalle a sama, ba awo ba sikeli. Abin da ke faruwa a nesa shi ma yana taɓa farashi a nan: rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, dakatar da kai albasa kudu da ’yan kasuwa suka yi a Yunin 2021 bayan an far wa kayansu, da sake rufe iyakar Illela bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Matashin da ke da lambar wayar dillalai biyu ko uku, yana kuma bin farashin kasuwannin kudu, ba a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Bashi

Me ke hana saurayi ajiya? Bashi. Ya karɓi taki da mai daga hannun ɗan kasuwa a kan zai biya da albasa ranar cira, a farashin ranar. Tun kayan suna gona mai bashi ya turo mota. Abin da ya rage bai kai a gina masa rudu ba, ga bukatun gida, ga azumi ko salla, wataƙila ga maganar aure. Haka zai ga buhun da ya bayar a Maris ana sayar da shi ninki-ba-ninki a Nuwamba.

Bashin gwamnati ma bai zama mafita ga mafi yawansu ba. Shirin ba da rance ga manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015, ya raba fiye da naira tiriliyan ɗaya a faɗin ƙasa, ya bunƙasa noman shinkafa, amma ya ƙare cikin ƙorafin rashin biya da na kayan aiki da ke isa bayan lokacin shuka ya wuce.

Jarin da ya fi aminci shi ne wanda aka tara a hankali. Kuɗin cin rani na shekara ɗaya, in ba a kashe shi a waya da sutura ba, ya isa hayar ɗan wuri da iri. Adashi tsakanin abokai yana sayen inji. Kiwo kuma shi ne asusun manomi: jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje, ko rago biyu da aka ɗaure ana ba su harawa da dusa, suna ba da taki, in kuma inji ya lalace a tsakiyar rani a sayar da ɗaya a gyara ba tare da an je wurin mai bashi ba. A wannan fanni ’yan mata da matan aure ba a bar su a baya ba: da yawa daga cikin dabbobin gida nasu ne, su ne kuma ke turara shinkafa su sayar. Sai littafin lissafi. Kowace lita, kowane kwanon taki, kowane yinin ɗan ƙwadago a rubuta. Wanda bai san nawa buhu ya tsaya masa ba, ba zai san ranar da ya kamata ya ce wa dillali “albarka” ba.

Tsaro

Duk wannan lissafi yana tsayawa ne idan mutum zai iya zuwa gonarsa ya dawo. A Yulin 2018 ’yan bindiga sun kai hari Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah, jama’a suka yi gudun hijira zuwa garin Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 43, a lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar. A ƙauyuka masu yawa na gabashin Sakkwato an sha ɗora wa manoma haraji kafin a bar su su shuka ko su girbe. Gonaki masu nisa da gari sun koma saura, na kusa da gari kuma hayarsu ta tashi, kuma matashi marar gado shi ne na farko da wannan tsada ke turewa. Matasa sun koyi tafiya gona a ƙungiya da dawowa kafin la’asar ta yi sanyi, amma wannan dabarar tsira ce kawai. Tsare rai da gona nauyi ne da ke wuyan hukuma.

Abin da ya rage a yi

Bukatun ƙaramin manomin Rima a bayyane suke, kuma ba su fi ƙarfin gwamnatin jiha da ta tarayya ba. A yashe madatsar Goronyo, a gyara ta Lugu, a riƙa sanar da manoma ranakun sakin ruwa tun da wuri ta rediyo da bakin hakimai. A gina rumbunan albasa masu iska a manyan kasuwanni, inda manomi zai ajiye kayansa a ba shi takardar shaida, ya karɓi ɗan rance a kanta maimakon ya karyar. A sa ido a kan masu sayar da iri da maganin feshi. Kwalejin Aikin Gona da ke Wurno da tsangayar aikin gona ta Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo su riƙa fitowa da ɗalibansu bakin fangali, malaman gona kuma su dawo ƙauye kamar da. Injin hasken rana a bayar da shi ga ƙungiyoyin matasa na gaskiya, a biya a hankali bayan an sayar da amfani.

Shi kuma saurayin da ke shirin gangarawa fadama bana, kada ya jira sai an yi waɗannan. Ya nemi tsohon manomi ya yi masa rani ɗaya yana koyo. Ya kama ɗan wurin da zai iya, da kuɗin da yake nasa. Ya tanadi karan rudu tun ranar da ya yafa iri, ya ƙudurta cewa ko buhu biyar ne zai ajiye su har farashi ya tashi. Ribar waɗannan buhunan ita ce jarin rani na gaba, ita ce kuma za ta ba shi bakin cewa a’a idan mai bashi ya zo da tayinsa.